Fernandez, Fernandes da Hernandez: daga ina sunan ya fito, kuma ta yaya ya game duniya?

Sagir:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na ga nan ne ya fi dacewa in kawo ta. Bruno Fernandes, wanda ya koma Manchester United a 2020, ɗan ƙasar Fotugal ne. Enzo Fernandez, wanda ya koma Chelsea a 2023, ɗan Ajantina ne. Ƙanwata kuma, da yake ma'abociyar finafinan Indiya ce, ta shaida mini cewa akwai jaruma Jacqueline Fernandez, wadda asalinta 'yar Siri Lanka ce. Shin zuriya ɗaya ce ta watsu haka, kamar yadda ake samun Toronkawa ko Sharifai a garuruwa daban-daban, ko kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya? Sannan me ya sa wani yake ƙarewa da harafin s, wani kuma da z?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Sagir. Ba zuriya ɗaya ba ce, kuma tun asali ma sunan bai taɓa zama na gida ɗaya ba. Ma'anar Fernandez ita ce ɗan Fernando, domin wannan ɗafin na ƙarshe, wato ez a Sifaniya da es a Fotugal, aikin da yake yi shi ne aikin da kalmar ɗan take yi a Hausa, ko ibn a Larabci. Haka Rodriguez yake nufin ɗan Rodrigo, Gonzalez ɗan Gonzalo, Alvarez ɗan Alvaro. Sarkin Fotugal na farko, wanda ya rasu a 1185, sunansa Afonso Henriques, saboda sunan mahaifinsa Henrique.

Shi kuwa Fernando ba daga Latin ya fito ba. Suna ne na Gotawa, wata al'umma mai magana da harshe dangin Jamusanci, wadda ta mulki tsibirin Andalus, wato Sifaniya da Fotugal na yau, daga birnin Toledo har zuwa lokacin da Ɗariƙu ibn Ziyad ya ƙetaro a shekarar 711. Masana sun kasa sunan gida biyu: ɓangaren ƙarshe yana nufin ƙarfin hali, na farkon kuma wasu sun fassara shi da zaman lafiya, wasu da tafiya.

Abin da zai warware maka matsalar sarai shi ne jerin masu mulkin yankin Kastil na arewacin Sifaniya a ƙarni na 10 da farkon na 11. Akwai Gonzalo Fernandez, wanda ya haifi Fernan Gonzalez da ya rasu a 970. Ɗan wannan shi ne Garcia Fernandez, wanda ya faɗa hannun rundunar Al-Mansur, mai riƙe da ragamar mulkin Musulmi a Ƙurɗuba, ya mutu a tsare a 995. Ɗansa kuma Sancho Garcia, jikansa Garcia Sanchez. Ka duba da kyau: mutum biyar ne, kowane ɗan wanda ya gabace shi, amma sunansu na biyu yana sauyawa a kowane mataki, domin kowa da sunan mahaifinsa ake kiransa. To idan a gida ɗaya sunan yana zuwa yana tafiya haka, ka ga ke nan duk ƙauyen da aka samu wani Fernando ya haihu, an samu Fernandez, ba tare da wata dangantaka tsakaninsu ba.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka wa Malam Habibu da alheri, bayanin ya gamsar. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Musulmi sun yi mulki a wannan ƙasa daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kusan shekara ɗari takwas, kuma jerin da Malam ya kawo daidai yake da tsarin nasaba ta Larabawa, wane ibn wane ibn wane. Zamanin da aka ambata ma shi ne zamanin da Ƙurɗuba take kan ganiyarta, sarakunan Kirista na arewa suna aiko mata da jakadu. A ganina bai kamata a wuce ba tare da an ce daga maƙwabtansu Larabawa suka koyi wannan al'ada ba, kamar yadda suka ari dubban kalmomi daga gare su.

Malam Habibu:
Allah ya gafarta Malam, aron kalmomi gaskiya ne, har a sunayen iyali. Medina daga madina yake, Alcantara daga alƙanɗara, wato gada, Almeida kuma ana danganta shi da alma'ida. Amma duk waɗannan sunayen wurare ne da mutane suka ɗauka daga baya. Batun kiran mutum da sunan ubansa kuwa ba sai an koya daga wani ba. Turawan Ingila suna da Johnson, mutanen Sikotland suna da Mac, Rashawa suna da Ivanov, kuma babu ɗaya cikinsu da ya zauna ƙarƙashin mulkin Larabawa. Mu ma ba mu jira Larabci ba kafin mu ce ɗan wane. Wata hujjar ita ce inda sunan ya fi kauri a yau. Fernandez yana cikin sunaye biyar mafiya yawa a Sifaniya, amma cibiyarsa arewa maso yamma ce, Asturiyas da Leyon da Galisiya, wato yankunan da mulkin Musulmi ya fi gajarta a cikinsu. Shi kansa ɗafin ez, masana harshe sun yi saɓani a kan tushensa: wasu sun mayar da shi ga Latin, wasu ga harshen Baskawa na arewacin Sifaniya, wasu ga Gotawa. Ina girmama tarihin Andalus kamar yadda Malam yake girmama shi, shi ya sa ba na son mu jingina masa abin da ba mu da dalili a kai, alhali abin da ya bayar na haƙiƙa ya isa abin alfahari.

Malama Binta:
Malamaina, ku ba ni dama in taɓa ɓangaren furuci, tunda Sagir ya tambayi batun s da z. Bambancin rubutu ne tsakanin harsuna biyu 'yan uwan juna: Sifaniyanci ya tsaya a kan z, Fotugis ya koma s. Saboda haka idan ka ga Fernandes, Rodrigues ko Lopes, galibi hanyarsu ta biyo ta Fotugal ne ko ƙasashen da ta mallaka, irin su Burazil, Angola, Mozambik da Kef Bad.

Akwai kuma ɗan uwa na uku da ba a ambata ba, wato Hernandez, sunan Xavi na Barcelona da Chicharito na Meziko. Shi ma Fernandez ne. A harshen Kastil, wato Sifaniyanci, harafin f na farkon kalma ya riƙa komawa h, daga baya ma aka daina furta shi gaba ɗaya, alhali Fotugis ya riƙe shi. Gari na tuwo a Fotugis farinha ne, a Sifaniyanci harina. Ɗa a Fotugis filho ne, a Sifaniyanci hijo. Ƙarfe ferro ne a can, hierro a nan. Ta haka Fernando ya zama Hernando, Fernan ya zama Hernan, kamar Hernan Cortes da ya ci daular Aztek a 1521. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin abin da Bakano zai ce fari, Basakkwace da Bakatsine na ƙauye hwari za su ce, wasu kuma su ce hita maimakon fita. A yau Hernandez ne sunan iyali mafi yawa a Meziko.

Malam Isiyaku:
Na karɓi gyaran Malam Habibu a kan asalin ɗafin, ko da yake har yanzu ina ganin zaman tare na tsawon ƙarnuka ba ya rasa tasiri a kan yadda mutane suke kiran junansu. Misalin ƙarfe da Malama Binta ta kawo ya tuna mini da abin da almajiran ƙira'a suka sani. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Misira a 590 bayan Hijira, sunansa Alƙasim ibn Firruh, kuma malaman tarihi sun bayyana cewa Firruh ƙarfe yake nufi a harshen ajamin Andalus. Haka Ibn Bashkuwal ya ɗauko daga Pascual, Ibn Garsiya daga Garcia, Ibnul Ƙuɗiyya kuma ma'anarsa ɗan Bagotiya. Ashe aron ta fuska biyu ya gudana.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo bayan 1492. A farkon ƙarni na 16 aka tilasta wa Musulmin Kastil zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa, wanda aka yi wa baftisma kuwa dole ya karɓi sunan Kirista. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya hana su harshen Larabci da sunayensu da tufafinsu. Mutumin da ya jagoranci tawayen duwatsun Alpujarras a 1568 sunansa a takarda Fernando de Valor, kuma abu na farko da ya yi shi ne ajiye wannan suna ya koma Muhammad ibn Umayya. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga cikinsu, da yawa suka sauka Maroko da Aljeriya da Tunisiya da sunayen Sifaniyawa a kansu. Yahudawa ma haka ta same su, a Sifaniya a 1492, a Fotugal a 1497, har aka samu iyalan Yahudawa masu suna Fernandes a Amsterdam da Suriname. Don haka ko a cikin Sifaniya kanta, ba kowane mai wannan suna ne yake da kaka Fernando ba.

Sagir:
Na gode ƙwarai, Malamai. Abin da ban gane ba tukuna shi ne yadda sunan ya daina sauyawa. Idan ɗan Fernandez yana iya zama Garcia, me ya sa yanzu uba da ɗa da jika duk Fernandez ne?

Malam Habibu:
A hankali abin ya faru, cikin ƙarnuka, kuma gidajen sarauta ne suka fara. Wanda kakansa ya yi suna ba ya son sunan ya ɓace, musamman idan akwai gado na ƙasa da ake riƙewa da shi, sai ya daskarar da sunan ya haɗa shi da na garinsu. Babban kwamandan Sarki Fernando da Sarauniya Isabel, wanda ya yi yaƙin Garnaɗa, sunansa Gonzalo Fernandez de Cordoba, alhali sunan mahaifinsa Pedro. Ka ga a zamaninsa kalmar ta riga ta bar ma'anar ɗan wane ta zama sunan gida. Talakawa kuwa alƙalami ne ya ɗaure su. Taron majami'ar Katolika na Trent, wanda aka kammala a 1563, ya wajabta wa kowane coci rubuta baftisma da aure a littafi, sannan dokar rajistar haihuwa ta 1870 a Sifaniya ta mayar da abin hannun gwamnati.

Mu ma muna cikin wannan sauyi a yanzu, shi ya sa nake ganin batun ya shafe mu. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi su ne 'ya'yan Fodiyo na haƙiƙa, amma Nana Asma'u, wadda jika ce, ita ma da 'yar Fodiyo aka san ta. Alhassan Ɗantata shi ne aka yi wa laƙabi da ɗan Tata, wato matar da ta rene shi, amma 'ya'yansa da jikokinsa duk Ɗantata suke amsawa. Makarantar boko ta sa wasu sun ɗauki sunan gari, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Yau kuma katin ɗan ƙasa da fasfo da asusun banki suna neman suna ɗaya da ba ya motsi, har ka ga yaro yana rubuta sunan kakansa a gurbin na mahaifinsa domin takardun gidan su dace da juna.

Dakta Nafisa:
Na yi karatu a kudancin Indiya, a jihar Karnataka, kuma na zauna da masu wannan suna, don haka zan amsa ɓangaren Asiya. Fotugal ta kama Gowa, a gaɓar tekun yammacin Indiya, a 1510 ƙarƙashin Afonso de Albuquerque, ba ta bar ta ba sai 1961. Wanda ya shiga addinin Katolika a can yakan karɓi sunan limamin cocin da ya yi masa baftisma, ko na Baturen da ya tsaya masa a wurin, ta yadda mutanen ƙauye guda za su iya tashi da Fernandes ko D'Souza ko Pereira ba tare da ɗigon jinin Turawa a jikinsu ba. Bayan an kafa kotun binciken aƙida a Gowa a 1560, da yawa sun yi ƙaura kudu zuwa Mangalore. A can aka haifi George Fernandes a 1930, ɗan ƙwadagon da ya jagoranci yajin aikin jiragen ƙasa na 1974, daga baya ya zama ministan tsaron Indiya. Abin da ya fi burge ni shi ne, iyalai da dama suna riƙe da tsohon sunansu na kafin baftisma, irin su Prabhu da Kamath da Shenoy, kuma sun san wane ne nasu ko da ba ya cikin takarda.

Siri Lanka ma Fotugis sun isa can a 1505, 'yan Holan suka kore su a 1658, amma sunayen Fernando da Perera da de Silva sun zauna daram, har a gidajen mabiya addinin Buddha. Ita jarumar da ƙanwar Sagir ta ambata, mahaifinta daga al'ummar Burgher yake, waɗanda suka samo asali daga auratayya tsakanin Turawa da 'yan ƙasa, don haka a nata ɓangaren akwai batun jini. A Filifin kuwa gwamnan Sifaniya Narciso Claveria ne ya fitar da doka ranar 21 ga Nuwamba 1849, aka raba wa garuruwa kundin sunaye domin kowane gida ya zaɓa, saboda a samu sauƙin ƙidaya da karɓar haraji. Har yau akwai garin Oas a lardin Albay, inda sunayen iyalai da yawa suke farawa da harafin R.

Hajiya Rabi:
'Ya'yana, kun kai Indiya da Filifin, alhali sunan yana nan Legas. Na yi shekaru ina saye da sayarwa a cikin Eko, kuma kusa da dandalin Tinubu akwai wani tsohon bene mai salon ginin Burazil da ake kira Casa do Fernandez, wato gidan Fernandez, wasu kuma suna ce masa Ilojo Bar. A tsakiyar ƙarni na 19 aka gina shi, aka sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956, aka wayi gari an rushe shi a watan Satumba na 2016. Ranar da na ji labarin raina ya ɓaci ƙwarai, domin na sha tsayawa a inuwarsa. Attajiri Antonio Deinde Fernandez da ya rasu a 2015 ma ɗan Legas ne.

Unguwar da ake kira Popo Aguda ta waɗanda suka dawo daga Burazil ce, masu sunaye irin da Rocha, da Silva, Pereira da Martins. Kuma kada mu ɗauka labarin wasu ne can. Cikin bayin da aka kai Bahiya ta Burazil akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake, kuma su ne suka shirya boren 1807 da na 1814. Babban tawayen Musulmi na watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsa amma da Hausawa, kuma bayansa ne aka koro da yawa zuwa Legas da Akara, da Wida da Porto-Novo na ƙasar Benin ta yau. Bawa a Bahiya yakan yi aikin kansa a gari yana biyan ubangidansa, irin abin da kakanninmu suke kira murgu, har ya tara kuɗin fansar kansa, idan ya samu 'yanci kuma sau da yawa sunan ubangidan yake ɗauka.

Lawal:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan bayani naki shi ne ya sa nake ganin irin waɗannan sunaye tabo ne. Mahommah Gardo Baquaqua, mutumin Jugu ta ƙasar Benin ta yau, da ke kan hanyar fataken goro ta Gwanja, an kai shi Burazil aka sa masa Jose da Costa, amma da ya kuɓuta a New York a 1847 sai ya koma sunansa na yanka. Malam Isiyaku ma ya kawo misalin Ibn Umayya. Idan waɗanda abin ya faru a kansu sun yar da sunan da zarar sun samu dama, me zai sa jikoki su riƙe sunan wanda ya sayi kakansu?

Hajiya Rabi:
Lawal, ɗana, na fahimci zafin da kake ji, amma ba mu ne za mu yanke musu wannan hukunci ba. Waɗanda suka dawo sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki, suka kafa gidaje da wannan suna, suka aurar da 'ya'ya da shi, suka binne iyaye da shi. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a Legas a 1894, magini Joao Baptista da Costa ne ya jagoranci aikinsa. Akwai gidajen Musulmi masu salla da azumi da suke amsa irin waɗannan sunaye, kamar iyalin Paraiso na Porto-Novo. Shi Baquaqua ya san sunan ubansa da garinsu, saboda da girmansa aka kama shi. Wanda aka haifa a Bahiya, aka raba shi da uwarsa tun yana ƙarami, sunan takardar 'yancinsa shi ne kaɗai abin da yake da shi, kuma da shi ne zuriyarsa suke bin sawunsa a yau. Sannan ba kowane suna ne na bawa ba: Francisco Felix de Souza na Wida, wanda ya rasu a 1849, shi kansa dillalin bayi ne, zuriyarsa kuma suna nan a Benin da Togo.

Malam Habibu:
Ina tare da Hajiya a wannan. Sai dai kada Sagir ya tashi da zaton cewa baftisma da bauta da doka ne kaɗai suka yaɗa sunan, domin a Ajantina ƙaura ce ta fi yin aiki. Daga wajejen 1880 zuwa 1930 talakawan Galisiya da Asturiyas sun yi ta cika jiragen ruwa zuwa Buenos Aires, har ta kai mutanen Ajantina suna kiran kowane Basifaniye da Bagalisiye, kuma daga yankin da na ce sunan ya fi kauri suka fito. Shi ya sa a 2019 ƙasar ta zaɓi Alberto Fernandez shugaba, Cristina Fernandez de Kirchner mataimakiya, ba tare da suna da dangantaka ba.

Sagir:
Saura abu ɗaya, Malam. Na ga cikakken sunan Bruno shi ne Bruno Miguel Borges Fernandes, na Xavi kuma Xavier Hernandez Creus. Me ya sa na ɗaya ya zo a ƙarshe, na ɗayan kuma a tsakiya?

Malam Habibu:
A ƙasashen biyu yaro yana ɗaukar suna daga uba da kuma uwa, amma jerin ya saɓa. A Sifaniya na uba ne yake fara zuwa, na uwa ya biyo, don haka Hernandez na mahaifin Xavi ne, Creus na mahaifiyarsa. A Fotugal da Burazil na uwa ne a gaba, na uba a ƙarshe, don haka Borges daga ɗakin mahaifiyar Bruno yake, Fernandes daga mahaifinsa. Mace a Sifaniya ba ta ajiye sunanta idan ta yi aure, kuma tun 1999 doka ta ba iyaye damar sa na uwa a gaba idan sun amince a kan haka.